Riƙe Mini Shi Har In Dawo

Litinin, 21 ga Yuli, da hantsi

Likita Kuwata ya ce mako biyu. Ba haka ya fito da ita kai tsaye ba, shi ba ya taɓa faɗar magana kai tsaye. Ya shafa bayan Daizu, ya ƙura wa bango ido, ya ce zafin bana yana wahalar da tsofaffi, ƙodar kuma ta yi iya yinta, in akwai wanda nake so ya zo ya gan shi, to in kira. Ni na matsa masa lamba sai da ya ambaci mako biyun.

Na ce masa ba zai yiwu ba. Na ce ina bukatar karen nan da rai har sha uku ga Agusta. Bai tambaye ni dalili ba, ai kowa ya san ranar da ake kunna wutar Obon a ƙofar gida don waɗanda suka riga mu su gane hanya su dawo. Ya dai cire tabarau yana gogewa, ya ce, "Uwargida Hamaoka, shekararsa goma sha shida fa."

Na ce na san shekarunsa, ni nake share gashinsa tun yana ɗan mitsitsi.



Litinin ɗin dai, da yamma

Da mijina zai shiga asibiti a watan Fabrairu, gwaji ne kawai na kwana biyu, a bakin ƙofa ya miƙo mini igiyar. Ko kallona bai yi ba, yana ɗaure takalmi. Ya ce, "Riƙe mini shi har in dawo." Na ce to.

To na ce.

Laraba, 23 ga Yuli, da safe

Yau na yi masa ƙarin ruwa da hannuna. A ɗaga fatar ƙeya kamar za a ɗauki tsumma, a soka allura, a jira leda ta ƙare. Na rataye ledar a ƙugiyar da mai karen yake rataye hularsa. Allurar farko ta shiga ta ɓulla ta ɗaya gefen, ruwa yana tsiyaya a cinyata ina zaune ina yaba wa kaina. Da na gane, sai na saki baki kawai. Ni da na yi shekara da shekaru ina ɗinkin kimono, ban iya soka allura a fatar kare ba.

Bari in rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa. Ni da karen nan zaman doya da manja muke yi tun ranar da aka shigo da shi cikin kwali ba tare da an shawarce ni ba. Bai taɓa zuwa ba in na kira shi. In ba shi abinci, in wanke shi, in kwashe kashinsa, amma mai shi ya yi tari daga ƙarshen layi, ya tashi yana rawar jiki kamar an yi masa albishir. Yanzu idonsa ya yi fari fat, kunne ya toshe, ƙafafun baya sun zama kayan ado, amma raini yana nan daram. Ina ɗaura masa ƙunzugu yana kau da kai gefe, kamar babban mutum da 'yar aiki.

Juma'a, 25 ga Yuli, da azahar

Faccalata Yaya Chizuru ta bugo daga tsibiri. Kafin in gama gaisuwa ta riga ta tsara komai. Obon ɗin farko bayan rasuwar mijina a babban gida za a yi, inda aka haife shi, nan ne zai nufa. An yi wa malamin haikali magana. An sayi farar fitilar takarda. Mazan gari sun fara saƙa kwalekwalen karan alkama da za a yi rakiya da shi ranar sha shida.

Ni duk a zatona nan zai zo. Nan ne ya bar silifas ɗinsa. Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai wata ƙofa ba wannan ba. Na zauna riƙe da waya a dandamalin cire takalmi.

Na ce to zan zo da Daizu. Ta ce, "Kinuyo, wannan mushen za ki ɗora a jirgin ruwa cikin zafin nan? Ki kai shi wajen likita su riƙe shi. Hidima za mu yi, ba jinyar kare ba."

Na ce zan zo da shi, Yaya. Ta ce bakina bai canja ba. Na ce nata ma.

Asabar, 26 ga Yuli, da rana

Cokali huɗu na abincin likita. Ya amayar da biyu.

Lahadi, 27 ga Yuli, da yamma

'Yata Mihoko ta kira daga Sendai. An riga an kai mata ƙarata, na ji a muryarta. Ta ce za ta ɗauki hutu ta zo mu tafi tare, mu mai da shi kamar yawon shan iska, in ga teku, in ci kifi sabo, rabona da fita tun yaushe. Daga nan ta lallaɓo ta gangaro kan karen. Wai wahalar da shi nake yi. Wai Baba ba zai so haka ba.

Na tambaye ta yaushe Baban ya gaya mata. Na san ban kyauta ba, amma ban janye ba.

Ta ce ina cin abinci kuwa? Na ce ina ci.

Talata, 29 ga Yuli, da hantsi

Na kai wa maƙwabciyata Uwargida Doi tukwanen furannina. Ta ce ta riƙa ba su ruwa har in dawo ke nan? Na ce a'a, na bar mata, sun yi mini yawa. Ta yi ta godiya, ta rako ni har ƙofa da kankana.

Baranda ta yi fili. Saura dogayen tukwanen mijina na kokwamba, ƙasar ta bushe ta tsattsage, bana ba a shuka komai ba. Duk bazara nan suke zama su biyu da karen, shi sanye da singileti, ya tsinko ɗaya, ya gatsa, ya miƙa wa karen sauran. Ƙurus ƙurus ƙurus, ina ciki ina son jin labarai a rediyo. Sau nawa na ce su biyun ba mai tarbiyya a cikinsu.

Ban san me zan yi da tukwanen ba. Na bar su.

Alhamis, 31 ga Yuli, da asuba

Ya yi wani kuka da ban taɓa ji ba. Ba haushi ba ne, rabonsa da haushi tun Fabrairu. Kuka ne kamar na jariri. Na same shi ya cusa kai tsakanin firiji da bango, ya kasa ja da baya, yana ta turawa gaba. Da na jawo shi, ya kama yatsana da ɗan abin da ya rage masa na haƙori, ya riƙe, bai cija ba.

Na ce masa, "Ka yi haƙuri. Saura kaɗan." Ban taɓa ba karen nan haƙuri ba sai yau, kuma ba ya ji.

Asabar, 2 ga Agusta, da rana

Gyare sun cika gari da ƙara. Yana numfashi.

Litinin, 4 ga Agusta, da yamma

Mako biyun likita sun cika, na tura shi a keken jarirai da na saya a kantin tsofaffin kaya, har gaban teburin Likita Kuwata. Na so in ga ya ji kunya. Bai ji ba. Ya ɗora shi a sikeli, ya dubi harshensa, ya ce tun yaushe rabonsa da abinci. Na ce tun shekaranjiya, amma ina ɗura masa romo da sirinji. Ya ce yana haɗiyewa da son ransa? Na ce yana haɗiyewa.

Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya dube ni cikin ido. Ya ce in na kai shi sha uku ga wata, daga nan sai me?

Na ce daga nan ba ruwana, mai shi zai karɓi abinsa.

Ya ce ba karen yake tambaya ba.

Na yi mutuwar tsaye. Mutumin da ko farashin magani sai ya yi kwana-kwana kafin ya faɗa. Na karɓi ledojin ruwa na tafiya, na sunkuya na gode masa, na fito. A hanya na tuna na bar lemata a can. Ban koma ba.

Laraba, 6 ga Agusta, da safe

Bai ci ba. Romo kaɗan.

Alhamis, 7 ga Agusta, da azahar

Na kira masu kawo jarida na ce su daina. Yarinyar ta ce zuwa yaushe za su ci gaba? Na ce su daina kawai. Waɗanda na tara za su ishe ni shimfiɗa masa har ranar tafiya.

Na je tashar jirgin ruwa na sayi tikiti. Na wanke labule. Na mayar da littattafan laburare. Na goge bayan murhu, abin da na yi shekara ina cewa gobe. Gidan ya yi tas, har ina jin ƙarar takuna.

Riƙe mini shi har in dawo. Ko don Allah bai ce ba. Haka yake, gishiri ma in zai ce a miƙo masa sai dai ya nuna da haɓa.

Juma'a, 8 ga Agusta, da rana

Bai ci ba.

Lahadi, 10 ga Agusta, da almuru

Mihoko ta iso. Ta durƙusa gaban Daizu ta rufe baki da hannu, ta ce, "Mama, ƙashi ne fa kawai." Ya shinshina hannunta, ya kaɗa wutsiya sau ɗaya. Ni da nake kwana a tabarma kusa da shi ko rabin wannan ban samu ba.

Ta buɗe firiji neman ruwan sanyi, ta daɗe a tsaye a wajen. Ta ce ina kayan ciki? Na ce wa ke barin abinci a firiji in zai yi tafiya da zafi. Ta leƙa baranda, ta dubi labule, ta buɗe kabad ɗin takalma ta rufe. Ta ce gidan kamar na masu tashi. Na ce uwarta dai mai tsabta ce, ita ce ba ta gado ba.

Ta yi dariya, amma ba ta daina bina da ido ba har muka gama shan shayi.

Litinin, 11 ga Agusta, da yamma, a tsibiri

Mun iso da shi da rai.

Jirgin ya cika maƙil da masu komawa gida hutu, yara da tayoyin iyo, iyaye da kwalayen tsaraba. Aka ce karnuka sai a waje, can baya kusa da injin. Na jiƙa tawul na rufa masa, ina yi masa fifita. A tsakiyar teku numfashinsa ya ɗauke. Na rantse ya ɗauke. Na sa kunne a haƙarƙarinsa ban ji komai ba sai injin. Na girgiza shi, na ji bakina yana cewa, kar ka kuskura, kar ka kuskura ka yi mini haka. Sai ya ja wani dogon numfashi ya yi atishawa a fuskata. Wata tsohuwa da ke gefe ta miƙo mini alewa.

Wajen sauka Mihoko ta ga tikitina. Ta ce me ya sa na zuwa kawai na saya, na zuwa da dawowa ai ya fi sauƙi. Na ce dawowar sai na ga hali.

Yaya Chizuru tana jiranmu a bakin gaɓa da hular rana kamar faifai. Ta leƙa keken jariran, ta ce, "Oho, ashe da gaske jika kika kawo mana." Ta yanke hukunci a zaure zai zauna, ba zai taka mata tabarmar ɗaki ba. Na ce ai ko an roƙe shi ba zai iya hawa dandamalin ba. A hanya ta hango 'yan birni suna wanka a teku, ta tsaya ta yi musu tas daga nesa. Wai ba a gaya musu ba cewa ba a shiga ruwa da Obon, matattu na ƙasa suna jan ƙafa. Mihoko ta raɗa mini cewa har yau ba ta yafe mata hutun da ta hana ta iyo tana yarinya ba.

Farar fitilar tana rataye a ƙofar gida. Na bi ta ƙofar baya.

Talata, 12 ga Agusta, da la'asar

Mun share kabarin gidan. Ban karanta sabon rubutun da ke jikin dutsen ba, na tsaya wajen cire ciyawa.

Da muka dawo Yaya ta ce ni zan yi dabbobin. Ta tsinko kokwamba da yalo a lambunta, na kakkarya tsinke na soka musu ƙafafu. Kokwamba doki, don ya iso da sauri. Yalo saniya, don in zai koma ya tafi a hankali da kaya. Dokin nawa ya karkace, ƙafa ɗaya ta fi guntu. Yaya ta ce a kan wannan ƙanin mijinta sai ya iso da ciwon baya. Muka yi dariya mu uku. Na ajiye su a ɗan gajeren teburin magabata, gaban hotonsa.

Zauren ƙasa ne, da sanyi, iskar teku tana ratsawa. Daizu ya miƙe ƙafa ya yi barci irin wanda rabonsa da shi an daɗe. Romo ma yau ya ƙi.

Gobe.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan faɗuwar rana

Na kai shi.

Mun kunna wutar a ƙofar gida, 'yar wuta ce ta karare a kan kasko. Na ɗauko Daizu a hannu, ba nauyi, kamar kwandon wanki. Na zauna da shi a gaban hayaƙin. Yaya tana ta kiran a shigo, a shigo, an sha hanya. Na jira har suka shiga ciki ita da Mihoko.

Na ce, "Shigeo, ga karenka. Na riƙe."

Tun Fabrairu ban faɗi sunan ba. Na zaci karen zai yi wani abu, ya ɗaga kai, ya kaɗa wutsiya. Fitsari kawai ya yi mini a cinya. Wutar ta mutu. Na zauna har sauro ya kore ni.

Ban yi masa ƙarin ruwa ba yau. Aikina ya ƙare. Ina jin kaina wayam, kamar gidan can da na baro.

Alhamis, 14 ga Agusta, da sassafe

Yana numfashi.

Alhamis ɗin dai, da azahar

Dole sai na rubuta wannan.

Malamin haikali ya zo ya yi karatu ya tafi. Muna kicin muna wanke kofuna, sai na ji wata ƙara daga ɗakin magabata. Ƙurus. Ƙurus ƙurus. Kofi ya suɓuce mini ya fashe. Na san ƙarar nan kamar yadda na san tarinsa. Ban iya motsi ba, na tsaya ina jiran in ji muryar mutum.

Yaya ce ta fara leƙawa, ta ƙwalla ƙara. Daizu ne kwance a kan tabarmarta, ƙunzugu ya zame har gwiwa, ya jawo dokin ƙasa ya danne da ƙafa yana gatsa da gefen baki. Yadda ya hau dandamalin nan ban sani ba. Ga sawun jan cikinsa tun daga zaure. Ya cinye dokin tas, ya bar ƙafafu huɗu a warwatse.

"Ya ci dokin Shigeo," in ji Yaya, tana dafe da ƙirji. "A gaban hotonsa. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin wannan iya shege ba."

Mihoko ta ce ai Baba ya riga ya iso, doki ya gama aiki. Tana faɗa tana kuka tana dariya. Yaya ta yi kicin-kicin da fuska ta fita. Na ce yau za a kore mu ni da karen. Sai ga ta ta dawo daga lambu da kokwamba cike da gaban riga, ta zube su a gabansa, ta ce gara ya ci waɗannan kafin ya waiwayi saniyar.

Duk makonnin nan abincin likita nake auna masa da cokali, ina ɗura masa romo yana kau da kai. Ko sau ɗaya ban tuna ba. Ina kallon tukwanen nan kullum a baranda, ban tuna ba.

Juma'a, 15 ga Agusta, da rana

Ya ci kokwamba, ya ci shinkafa da ɗan kifi. Ya sha ruwa da kansa. Mihoko ta riƙe masa ƙugu da tawul, ya taka har bakin lambu. Ta bugo wa Likita Kuwata tana murna, ya ce wani lokaci haka suke yi, zai iya zama mako, zai iya kaiwa lokacin sanyi, a ci gaba da ƙarin ruwa. Mihoko ta tsaya a kaina sai da na yi masa.

Kowa murna yake. Ni haushi ne ya cika ni. Ba haka muka yi ba. An ce in riƙe har a dawo, an dawo, na miƙa. Me ake jira? Gobe da safe za a raka su. Na shiga na zauna gaban hoton na ce masa ya ɗauki abinsa ya tafi da shi, ni ban shirya komai ba bayan gobe. Yana ta murmushin nan nasa na hoto, wanda ya yi ranar bikin Mihoko bayan ya sha ya yi tatil.

Ban shirya komai ba bayan gobe. Na sake karanta layin nan. Na bar shi.

Asabar, 16 ga Agusta, da la'asar

Zan rubuta yadda ya faru, iya abin da na sani.

Da hantsi aka taru a bakin teku. Kwalekwalen karan yana kan ruwa daf da gaɓa, an yi masa ado da takardu masu launi, an ɗaura shi da doguwar igiya a jirgin masunta da zai ja shi. Kowane gida ya sa nasa. Yaya ta sa farar fitilar da saniyar yalo da ƙunshin shinkafa. Ni na sa igiyar Daizu, jar nan da hannun Shigeo ya cinye wa launi. Mihoko ta ce me ya sa, na ce tasa ce.

Aka fara waƙar rakiya, injin ya tashi, kwalekwalen ya motsa a hankali. Na bi shi. Ban yanke shawarar komai ba, tafiya kawai nake yi kamar yadda nake raka Shigeo bakin layi. Na ji ruwa a idon sawuna, ba sanyi. Na ji shi a gwiwa. Da ya kai ƙuguna na ji ana kiran sunana can baya, muryoyi da yawa, kamar rediyon maƙwabta. Hannuna yana kan gefen kwalekwalen. Ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashin ƙafata, kuma ban ji tsoro ba. Wannan ne yake ba ni tsoro yanzu, ban ji tsoro ba ko kaɗan.

Sai na ji haushi. Wani busasshen haushi kamar tsohuwar ƙofa. Da a ce zan yi wa kaina ƙarya, sai in ce kukan rabuwa ne. Ba shi ba ne. Na san haushin nan, gajere uku a jere, shi yake yi wa mai shi da safe in fitsari ya matse shi, a zo a fita da ni yanzu. Na waiwaya. Yana tsaye da ƙafafun gaba a bakin keken jariran, fararen idanunsa ba sa ganin komai, amma hancinsa ni ya nufo. Mihoko ta riga ta shigo ruwa har gwiwa, bakinta a buɗe.

Ya sake yi, uku a jere.

Na miƙa hannu na zaro igiyar daga ƙarƙashin saniyar. Na saki kwalekwalen.

Da na fito, gaɓa ta yi tsit, waƙar ma ta tsaya. Mihoko ta ƙanƙame hannuna har farcenta ya shiga. Yaya Chizuru ta tako, fuskarta ba jini, hularta ta faɗi ba ta sani ba. Na jira faɗan shiga ruwa da Obon a gaban duk gari.

Ta ce, "Me kika je yi?"

Na ce, "Igiya na manta, Yaya. Ba ni da wata."

Ta dube ni, ta dubi igiyar tana ɗiga. Sannan ta cire tawul ɗin wuyanta ta yafa mini, ta ce, "To ɗaura masa mana, ba ki ji yana kira ba?"

Na sauke shi ƙasa, na riƙe masa ƙugu, ya yi fitsarinsa a yashi, mai yawa, ba ya ko sauri. Kafin in ɗago, kwalekwalen ya yi nisa. Ban ga lokacin da ya sha kwana ba.

Lahadi, 17 ga Agusta, da safe

Mihoko ta kwana riƙe da hannun rigata kamar tana 'yar shekara biyar. Ba ta tambaye ni ba, ban faɗa ba. Da gari ya waye ta ce ta ƙara hutu, za ta zauna da ni a gida har ƙarshen wata, kuma akwai wata likita da take so mu je mu gani, ba ta karnuka ba. Na buɗe baki zan yi musu, na rufe. Na ce to.

Litinin, 18 ga Agusta, da yamma, a gida

Ni na sayi tikitin dawowa da kaina. Yaya ta cika mana keken jariran da kokwamba har karen ya rasa wajen miƙe ƙafa, ta kuma ƙulla mini iri a takarda. Ta ce in na shuka a makon nan zan samu kafin sanyi. Ta ce in zo da karen baɗi in yana nan, za ta yi dawaki biyu.

Gidan ya yi tsabta da yawa, ko tsumma ban bari ba. Na kira masu jarida na ce su ci gaba daga gobe, ba ni da abin shimfiɗa masa. Uwargida Doi ta gan ni ina jiƙa ƙasar tukwanen baranda, ta ce ko in karɓi furannina. Na ji kunya, amma na karɓi biyu.

Shigeo ya bar mini karen. Bai tambaye ni ba, kamar yadda bai tambaye ni ba ranar kwalin.

Lokacin ƙarin ruwa ya yi, na rataye leda a ƙugiyar hula. Yana kwance a bakin ƙofa. Na kira shi, bai zo ba. Ni na je.